Mita Talatin a Mayahi

Mayahi, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Zara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Haisam. Yaya ƙafar Inna Hajjo? Yaya mutanen Tasawa? Ni ma ina nan ƙalau, sai kewarku.

Kin ce a waya ba na magana sai "lafiya lau", shi ya sa na ɗauki biro. Direktan lise, sakandaren da nake koyarwa, ya damƙa mini ƴan ƙwallo. Takarda ta zo daga Maraɗi, wata cibiyar horo a Yamai za ta ɗebi yara, ta ba su karatu da masauki. Amma ba a ko duba ƙafar yaro a kan balo sai ya gudu mita talatin cikin sakan huɗu da ɗigo ashirin. Kurono, wato agogon da nake auna gudu da shi, yana yanka sakan ɗaya gida ɗari. Ki ƙifta ido, an wuce ashirin.

Akwai wani ɗalibi, Rabilu, ɗan garin Tchaké, shekararsa goma sha bakwai. Bayan asuba nake fita da su fili, lokacin da sararin gabas yake fara ja kamar jikin sabon tulu. In ya tashi da gudu, wallahi Zara'u, sai in ji komai ya yi shiru. Zakaru su daina cara, jakin mai ruwa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ni kuma in ga kaina a filinmu na dā ina da irin shekarunsa. Sai na danna kurono duniya take dawowa. Huɗu da talatin da takwas ya yi. Da saura.

Ki gai da kowa. Ki shafa mini kan Haisam.

Mijinki,
Sa'idu

Mayahi, 16 ga Fabrairu

Zara'u tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Na ji daɗin jin Haisam ya fara tafiya, Allah ya raya mana shi. Yajin da kika aiko ya iso.

Wata uku ke nan muna abu ɗaya. Litinin da Alhamis muna hawa tudun yashi na bayan gari, sau takwas, a huta sosai tsakanin kowane hawa, don gudu ba ya son gajiyayyen jiki. Talata ina ɗaura masu tsohuwar tayar moto a ƙugu su ja. Rabilu yakan miƙe tsaye tun takun farko, kamar wanda aka kira sunansa, sai na koya mashi ya kwanta gaba, ya tura ƙasa baya har taku goma. Takalmi ma faɗa muka yi kafin ya yarda da shi. Wai ba ya jin ƙasa.

Ya sauko huɗu da ashirin da uku, ya tsaya nan kamar an kafa mashi turke. Sati uku ba ya motsawa.

Ga abin da ban iya faɗa miki a waya ba. Ni ke cika takardar da za a aika Maraɗi, ni kaɗai ke ganin fuskar kurono. Jiya da hantsi na zauna ƙarƙashin itacen bedi na harabar lakwal, makarantarmu, da biro a hannu, har na rubuta huɗu da sha tara. Na daɗe ina kallonta. Na ga Rabilu cikin riga mai lamba, na ga fili kore shar kamar fadama bayan ruwa, na ga mahaifinsa a Tchaké da rediyo a kunne ana kiran sunan ɗansa. Daɗin abin har cikin ƙirjina. Sai ƙararrawa ta kaɗa, na ga takarda ce kawai a kan gwiwata, da ƙarya a jikinta. Na yaga ta.

Yanzu kuma na daina yarda da babban yatsana. In na danna da wuri, son yaron ne. In na jinkirta, tsoron son yaron ne. Na roƙi Madam Asiya, malamar lissafi, wadda ba ta san ko sunan ƴan wasan ba, ta riƙe kurono ranar Asabar. Abin da ta gani shi za a rubuta.

Ki sa mu a addu'a, ki ce wa Inna ma ta yi.

Naki,
Sa'idu

Mayahi, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Zara'u, maman Haisam,

Assalamu alaikum. Ina fatan zafin nan bai takura muku ba. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, sai yanzu hankalina ya zauna.

A waccan Asabar Madam Asiya ta tsaya a bakin layi da tabarau. Rabilu ya wuce ta, ta duba, ta kira ni yadda ake kiran malamai da Faransanci, ta ce, "Huɗu da ashirin cif, Mushe Sa'idu. Wannan mai kyau ne ko maras kyau?" Na zauna a kan yashi, don daidai abin da ake nema ke nan.

Makon jiya muka je Maraɗi. Can ba yatsan kowa, wata na'ura ce mai haske a farkon layi da ƙarshensa, ba ta san ɗan wa kake ba. Yara sun fi ɗari. Da aka kira Rabilu ya duƙa, sai na rufe idona. Ban ga gudun ba, Zara'u. Na ji takunsa dai, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na san shi kamar muryar ƴan gidanmu, kuma a na goma na ji bai miƙe da wuri ba. Da na buɗe ido, allo ya nuna huɗu da sha bakwai. Ashe yashinmu ne yake cinye mashi saura. Da yamma suka gwada shi da balo, suka ɗauke shi. Bayan hutu zai tafi Yamai.

A mota, da muka kusa gida, Rabilu ya juyo wajena. Ya ce, "Mushe, can ma akwai tudu?" Na ce ban sani ba. Ya jingina kai da taga.

Na zaci ranar Litinin fili zai yi mini faɗi. Da na fita na tarar da ƴan mata shida ƴan aji na ƙasa a bakin layi, sun tuɓe silifa sun jera. Babbarsu, Munira, ta ce iyayensu sun yarda, su ma a auna su. Ta ɗaure zane ta gudu, zanen yana harɗe ta, amma ta yi biyar da huɗu. Ban san inda za ta kai ba in ƙafarta ta samu sarari.

Saboda haka ga roƙona. Ki ɗinka mini dogayen wanduna shida masu faɗi, launin da kika ga dama. Kada ki ba direba. Ki kawo su da kanki, ki zo da Haisam, ki tsaya a bakin layi ki gani ko sau ɗaya.

Gaisuwa ga Inna da duk mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai jiranki,
Sa'idu