Damin Geron da Baba Ya Yafe

Tsanyawa, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Fatakwal? Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafar dai yana nan.

Yaya, rai a ɓace nake rubuto maka. Tun rasuwar maigidana abincin marayun nan yake neman gagarata, hatsi a kasuwa kuwa sai dai kallo. Shi ne na ce bana zan karɓi gonar marigayi Baba ta bakin rafi, wadda ya ara wa Malam Sabo tun muna yara, in sa a noma mana. Ashe shi ya ji ana ta faɗa a rediyo kowa ya yi wa gonarsa takarda, har ya je ya fara cikewa da sunansa. Da na aika masa, wai ai kyauta Baba ya ba shi. Kyauta! Mutumin da muka tashi muna gani duk kaka yana shigo mana da damin gero, ya jingine a gindin rumbu, ya tsuguna ya yi godiya. Na kai ƙara gaban alƙali, tunda kai ka yi nisa.

Ƙanwarka,
Huseina

Tsanyawa, 2 ga Mayu

Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan zazzaɓin ya sake ka. Mu muna nan, sai jiran ruwa.

Sau uku ina zuwa kotu, kullum in wuni a benci. Alƙali ya yi mini bayanin wata doka da ake kira hauzi. Wai idan mutum ya shekara goma yana noma gona, mai ita yana gari yana kallo bai ce uffan ba, ba za a saurari mai ƙara ba, sai ya kawo shaidar cewa aro ne. Na ce shaida ai ga damin kaka, kowa ya san ma'anarsa. Sai ya tambaye ni yaushe rabon da a kawo shi.

Yaya, sai na shiga lissafi. Ka tuna shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba? Baba ya ga Malam Sabo da bakuna tara da yake ciyarwa a gida, ya ce ya bar kawo damin har Allah ya kawo sauƙi. Daga nan bai sake kawowa ba, Baba kuma kunya ta hana shi tuni har ya koma ga Allah. Shekara goma sha uku ke nan rabonmu da damin. Dattawa biyun da aka yi aron a gabansu sun rasu. Inna ta sani sarai, amma wai tana da rabo a gadon, ba za ta yi wa kanta shaida ba. Lauyan da ke amsa tambayoyi a rediyo ranar Asabar ma na buga masa, ya ce me ya hana mu rubutawa. Wa yake rubuta wa maƙwabcinsa takarda a garin nan, don Allah?

Ka sa mu a addu'a.

Huseina

Tsanyawa, 29 ga Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka, Allah ya saka da alheri. A gaida yara.

An gama. Malam Sabo ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ko ƙifta ido bai yi ba. Alƙali ya bar masa gonar. Ban yi kuka a kotu ba, sai da muka biyo ta bakin rafi na hango tsamiyar da Baba yake sallar azahar a gindinta. Ina jin haushin Malam Sabo, ina jin haushin kaina, kuma Allah ya yafe mini, har Baba na ji haushinsa.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Jiya sai ga aike daga Malam Sabo, wai ya tausaya wa marayu, zai ara mini kusurwar gabas in shuka. Sharaɗinsa ɗaya: duk kaka in kai masa dami ɗaya, a gaban mutum biyu, ko da shekara ba ta yi kyau ba.

Yara ba su san zuciya ba, tuwo suka sani. Na karɓa, Yaya. Gobe za mu shuka. Kada ka gaya wa Inna, na ce mata an raba mana ne.

Taka har kullum,
Huseina