Ka Ce Jira, Ba Ka Ce Dakata Ba

Almustafa, sanyin idona, ruwan farkon daminata, inuwar aduwar da nake fakewa idan ranar Damargu ta take!

Wayyo ni Rukaiya! Dubi yadda hannuna ya zubo maka sunayen nan kafin zuciyata ta tuna cewa fushi take da kai. Na bar su a wurin, ba zan goge ba. Ni ce mai rubuta bayani, kai kuma ka san ba na rubuta abin da ba haka yake ba.

Saƙonka ya iso daga Yamai. Layi biyu kacal: in ƙarasa maka babin da ya rage cikin bayanin na'urarka, masu amfani da ita suna tambaya. Ba gaisuwa, ba ina Inna. To, ga babin, amma sai ka fara karanta wannan.

Ka tuna la'asar ɗin nan a bayan gidanmu na Tanut, shayi yana tafasa, batirin ordinatarka, kwamfutar nan taka, yana shirin mutuwa? Ranar ka fara nuna min na'urar da ka gina, wadda ba ƙarfe gare ta ba, ba waya, a cikin ordinatar kawai take zaune. Ka ce injiniya zai siffanta da'irar lantarki da rubutu, ita kuma ta gwada masa yadda za ta yi aiki tun kafin a ƙera ta. Ka ce tana da umarni barjat, amma duk a kanka suke, in ka faɗi ka mutu ba mai gane su. Na yi dariya na ce Allah ya tsare, kawo in rubuta. Tun daga nan, da na taso daga lakwal na sallami ɗalibai, sai in zauna: wannan umarni me yake ɗauka, me yake ajiyewa, me ke faruwa in an yi kuskure. In na gama, in hau tudu neman rezon waya don in aika maka. Ban taɓa jin nauyinsa ba, wallahi, domin kowane shafi kamar hira nake da kai.

A ranar ne muka yi gardama kan umarni biyu. Ni na ce duk ɗaya ne, a kira su jira a huta. Ka ajiye kofi, ka dube ni da idanun nan naka masu kashe min jiki, ka ce a'a. Ɗaya ana ba shi adadin lokaci, in ya cika aikin ya tashi da kansa ya ci gaba: wannan shi ne dakata. Ɗayan ba shi da adadi. Aikin zai tsaya cak har sai wani ya aiko masa da alama, in ba a aiko ba yana nan har abada: wannan shi ne jira. Kai ka koya min bambancin, masoyina. Ni na rubuta shi da hannuna.

Sai ga mu a tashar Tanut, motar Damagaram tana ɗumama, jakarka a kafaɗa. Me ka ce da ni? Ba ka ce in dakata zuwa kaka ba. Ba ka ce zuwa Sallah ba. Ka ce, ki jira ni. Da wani ne ya faɗa, sai in ce bakinsa ne ya zame. Amma kai? Kai da ba ka yarda a haɗa kalmomin nan biyu ko a wasa? Ni kuwa na koma gida ina murna kamar an ba ni duniya, ina cewa ya zaɓa min wadda ba ta da iyaka!

An girbe gero, an sake shukawa, an sake girbewa. Masu zuwa ƙofar gidanmu sun gaji sun daina. Ranar kasuwar Belbeji na haɗu da gwaggonka Kadi tana sayar da cuku. Baiwar Allah, ta rungume ni, ta jawo ƙullin zannuwa tana nuna min, wai na lefenka ne, an sa rana da wata ƴar Yamai. Ta ɗauka na sani! Har tambayata ta yi wane launi ya fi kyau. Na zaɓa mata shuɗi, Almustafa, tun da shi kake so. Ban yi kuka ba sai a cikin mota.

Haba, hasken raina! Me na yi maka? Auren ba shi ya fi ƙona ni ba, zuciya ba a ɗaure ta da igiya. Shirun ne. Kuma a cikin shirun ka iya buɗe baki ka nemi babi.

Na taɓa tambayarka abin da na'urar ke yi idan alama ba ta zo ba. Ka ce ba ta kuka, ba ta nuna kuskure. In ta duba ba sauran abin da ke motsi, sai ta ɗauka an gama, ta rufe, aikin nan yana tsaye a inda aka bar shi. Ashe abin da ka shirya min ke nan: in yi tsit har a ɗauka an gama.

To, babin jira ya kammala, yana tare da wannan takarda. Na ƙara masa gargaɗi ɗaya a ƙasa, kuma kada ka kuskura ka cire: idan aiki ya maƙale a jira, kada a nemi laifi a wurinsa, a nemi wanda ya kamata ya aiko alama.

Abu guda nake roƙo, don girman Allah. Aiko min da alamar da bakinka. Ko da a'a ce, ita ma alama ce, za ta tashe ni. Maganar Gwaggo Kadi ba za ta iya ba, domin ba ita ta sa ni jira ba.

Kafin nan ina inda ka ajiye ni, da amanarka a hannuna ko ƙwarzane babu.

Taka, wadda ba ka ba ta adadi ba,
Rukaiya