Na Kulle Kwamfutar 'Yata a Akwati

Assalamu alaikum, Anti. Don Allah ki taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan kai wa maganar nan bai yi mini dariya ba.

Ni mai ɗinki ce a gida, karatuna na allo ne, bokon kaɗan na taɓa. Maigidana direba ne, amma tun da ciwon baya ya kama shi, fita sai jefi-jefi. Babbar 'yata ta gama sakandare ta zauna tana taya ni kalmasa da sa maɓalli, har Allah ya sa wata cibiya ta ɗauke ta cikin masu tallafin karatu. Ana koya musu aikin kwamfuta kyauta, su zanen talla da gina shafin intanet. Aka ba kowa kwamfuta ta hannu, amma aro, wai sai an gama a ga wanda za a bar wa.

Kalmar aron nan ita ta hana ni sakat. Mu an koya mana kayan aro amana ne, za a tambaye ka a kansa. Ga ɗakinmu kwano na yoyo ta kusurwa, ga ƙannenta maza biyu da ko rediyo ba su bari da rai ba. Shi ya sa tun ranar farko na naɗe ta a tsohon mayafina, na sa a akwatin ƙarfe na kulle. Da safe in buɗe in ba ta, in ta dawo in karɓa in mayar. Ta sha ce mini 'yan ajinsu a gida suke maimaita darasi, ni kuwa in ce mata karatu a gaban malami ake yi. Wani mai shago a layinmu ya so ta zana masa allon talla ya biya ta, shi ma na hana, don ban ga halaccin neman kuɗi da abin da ba naka ba.

Rannan na same ta a bayan kekena ta zana maɓallan kwamfuta a jikin kwali, tana dannawa da yatsu. Ƙannen suna ta tsokanarta, wai injiniyar kwali, a kawo mata caji. Na yi kamar ban gani ba, amma allura sai da ta soke ni.

Yanzu malaminsu ya ce an bar ta a baya, in ba ta kammala aikin ƙarshe ba, za a ba wata gurbinta. Da ta gaya mini ko hawaye ba ta yi ba, ta ɗauki riga ta ci gaba da kalmasa. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi. Babanta ya ce mu muka sani, shi bayansa ya ishe shi.

Anti, na gaji. Idona ya soma gazawa a ɗinki, yarinyar nan ce ƙofar da nake hange. In na saki kayan mutane suka lalace a hannunmu, da wace fuska zan dube su? In na riƙe aka kore ta, da wace fuska zan dube ta? Ban san wanne ne zunubin ba.

Daga Mai Keken Ɗinki

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni dai ban yi dariya ba. Da kowa na riƙon kayan jama'a yadda kika riƙe wannan, da irin cibiyoyin nan ba su riƙa rufewa ba. Tsoronki ma yana kan hanya: yoyo gaskiya ne, ƙiriniyar yara gaskiya ce.

Sai dai kin tsare rabin amanar ne, kin bar rabi. Ba ajiya suka ba ki ba. Da ajiya suke so, kabad ɗinsu ya fi akwatinki ƙarfi. Sun ba da ita ne don a yi aiki da ita, kuma wanda ya ara maka abu don wata manufa, cika manufar yana cikin haƙƙinsa. Ke da kanki, da kallo kika iya taka keke? Allura nawa kika karya kafin layinki ya miƙe?

Gobe ki yafa mayafi ki raka ta cibiyar. Kada ki aika, ki je da ƙafarki. Ki tambaye su abin da ke biyo baya idan kwamfutar ta lalace ba da ganganci ba, da kuma ko sun yarda ɗalibi ya yi ƙaramin aikin kuɗi da ita. In sun yarda, shakkarki ta kau, in sun hana, kin yi daidai a kan mai shagon. Sannan ki faɗa wa malamin gaskiya, cewa ke kika hana ta maimaici, ba lalaci ba ne. Zai yi nauyi a baki, na sani, amma yanzu haka kallon malalaciya yake yi mata, kuma ke kaɗai za ki iya wanke ta. Ki roƙa mata ƙarin lokaci.

A gida kuwa, tun yau ki bar mata ita. Ki ware mata gefen da ba ya yoyo, ki ɗage mata kalmasar har ta miƙa aikinta. Samarin nan biyu babansu ya ja musu kunne, ciwon baya ba ya hana tsawa.

Ba zan ce miki lallai za a ɗaga mata ƙafa ba, domin ba a hannuna yake ba. Amma yarinyar da ba ta yi miki musu ba, ba ta kuma daina koyo ba, ta cancanci uwarta ta tsaya mata a gaban malamai. Allah ya sassauta miki gajiya, ya ba maigida lafiya, ya sa ki ci moriyar ilimin nan da ranki.