Lasisin Rasmiyya

Irbid, 4 ga Maris, 1996

Yaya Fawwaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Dammam?

Yaya, ciwon suga ya taɓa idon maigidana Abu Nidal, likita ya hana shi tuƙi. Ga zuwa asibiti duk sati, ga gonar zaitun a ƙauye, yara kuma duk sun yi nisa. Ya ce mu sayar da motar da gonar mu huta. Na ce a'a, ni zan koya.

Kada ka yi dariya. Sau biyu ke nan ina faɗuwa gwajin lasisi. A na farko motar ta mutu mini sau uku tun ba mu fita ƙofa ba. A na biyu jami'in ya ce, "Hajiya, dama," na karya hagu da iya ƙarfina.

Na dawo gida na sha kuka. Ka san ni, tun muna yara ni ce mai nauyin kai, a aji shida na tsaya. Ina ni ina sitiyari, da shekara hamsin da ɗaya? Kai da ka tsufa kana jan tirela, gaya mini gaskiya: in haƙura?

Ƙanwarka,
Rasmiyya

Dammam, 21 ga Maris

Rasmiyya 'yar rigima,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Abu Nidal lafiya. Kin ce kada in yi dariya, to na yi, har shayi ya sarƙe ni.

Yanzu saurara, amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Kin tuna ragon da Baba ya yanka ranar da na samo lasisi, ana ta cewa shiga ɗaya na yi? Shiga ta huɗu ce. Sauran ukun cewa nake na tafi Amman neman aiki. A ta biyu ma keken jami'in na take.

Batun aji shida kuwa, ba kanki ne ya tsaya ba. Umma ce ta kwanta ciwo aka cire ki, kika riƙe gida da mu biyar. Wannan ya fi tuƙi wuya.

Ki daina koyon komai a rana ɗaya. Sati guda kulochi kawai. Sati na gaba ribas tsakanin ganga biyu. Ki ɗaura jan zare a hannun dama.

Yayanki, sarkin titi,
Fawwaz

Irbid, 30 ga Mayu

Yaya mai take keke,

Gaisuwa da fatan alheri. Rago guda ka ci mana a banza, Allah ya yafe maka!

Na bi maganarka. Kullum bayan asuba mukan tafi filin kasuwar Juma'a, lokacin ba kowa. Abu Nidal yana zama gefena. Ba ya ganin hanya sosai, amma kunnensa na kan injin. Sai ya ce, "Ummu Nidal, motar tana kuka, ki ba ta giya ta biyu." In na yi daidai ya yi shiru, in na kuskure ya kama salati da ƙarfi. Kwanan nan salatin ya ragu.

Maƙwabciyata Ummu Sa'ib kan leƙo ta taga ta ce, "A kwashe yara, direba ta fito!" Jiya kuwa da kanta ta tambaye ni yaushe zan fara kai mutane kasuwa.

Na sake faɗuwa a karo na uku. Amma Yaya, komai na yi daidai, ribas ma jami'in har kai ya gyaɗa. A hawan tudu ne motar ta zame baya kamar taku biyu. Wannan karon ban yi kuka ba. Na tambaye shi sunan unguwar da ta fi kowace tudu a garin nan, ya yi dariya ya gaya mini. Can muke zuwa yanzu.

Abu Nidal ya daina zancen sayar da gona, ko da yake bai ce ya fasa ba.

Taka,
Rasmiyya

Irbid, 19 ga Oktoba

Zuwa ga surukina Fawwaz,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su kaɗai nake iya gani.

Rasmiyya ta samu lasisin a karo na biyar. Ta ce ni in rubuto, kunya take ji don ta fi ka yawan shiga gwaji da ɗaya.

Jiya ta kai mu ƙauye ta dawo da mu, da buhu shida na zaitun a baya. Na yi barci a hanya.

Mun ji za ka zo hutu ranar takwas ga watan gobe. Kada ka nemi tasi a tashar Amman, za mu zo ɗaukarka. Ka shirya zama a baya, gaba wurina ne.

Ka huta lafiya.
Abu Nidal