Takwarar Umma a Tekun Atilantika

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke muna nan lafiya a unguwarmu ta Thamesmead a Landan, ni da Baban Faruk da jikokinki uku, duk maza kamar yadda kika bar su. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma labarin nan naki ne, ke zan ba wa, masu leƙe kuma su leƙa.

Har kika koma ga Allah ba ki yarda da aikina ba. Kina gaya wa maƙwabta wai ina gadin ruwa a ƙasar Turawa. Na sha jin ki kina cewa, "Yarinyar da ko bakin kududdufi ban bari ta je ba, wai ita ce mai kula da teku." To bari in sake gwada yi miki bayani, tunda yanzu ba za ki katse ni da tambayar ko na ci abinci ba.

Akwai wasu na'urori da ake zubawa a teku, dogaye, rawaya, kamar tukunyar gas da ta yi tsawo. Kowacce takan nutse can ƙasa, ruwa ya yi ta yawo da ita, bayan kwana goma ta taso tana auna zafin ruwa da gishirinsa, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta sake nutsewa. Da irin wannan awon masu hasashen yanayi ke gane yadda damina za ta kasance, har can Kano inda babu teku. Ƙasa ɗaya ba ta iya wannan aiki. Wata ta saya, jirgin wata ya jefa, wata ta duba lissafi. Ni aikina in tabbatar duk suna magana da juna, wato dai abin da kike yi a gidanmu duk lokacin biki.

A ofishinmu akwai al'ada. Kafin a tura sabuwar na'ura, sai a ba ma'aikaci ɗaya alƙalami ya rubuta mata suna a jiki. Wani ya sa sunan kyanwarsa, wani na ƙungiyar ƙwallonsa. Shekarar da kika rasu layi ya zo kaina. Kin san burina in haifi mace in mayar da sunanki, mu riƙa kiran ta Ummi, Allah kuma ya yi ta ba ni masu fasa kofi. Sai na karɓi alƙalami na rubuta sunanki na yanka, ɓaro-ɓaro. A tunanina za ta shige ruwa, magana ta ƙare tsakanina da Ubangijina.

Ban san mai shigar da bayanai zai kwafe sunan ya sa a kwamfutar da duk duniya ke dubawa ba.

Takwararki kuma ba ta zauna lafiya ba. Ruwa ya ja ta ya kai ta gabar Afirka ta Yamma, wurin da na'urori ba su da yawa, sai ta zama abin magana a kowane taro. Taron namu ta bidiyo ake yi, mutanen Japan suna shirin tashi daga aiki, na Amurka ko fuska ba su wanke ba. Ina zaune da shayina sai in ji wani Bafaranshe ya kama sunanki gatsal, ba Hajiya ba komai, ya ce wance ta yi lattin tasowa. Wata Ba'indiya ta ce wance ta cika gishiri a wannan makon. Wani ya ce wance ba ta jin magana, a sa mata ido. Umma, gumi nake yi a tsakiyar sanyin Landan.

Ni kuwa bakina ya ƙi. Tun da na yi wayo ban taɓa faɗin sunanki ba. Ko ƙawata ta makaranta mai irin sunan, Mai-sunan-Umma na kira ta har muka rabu. To ga ni a gaban masana na nahiya biyar, ni ce mai ba da rahoton na'urar, kuma ba na iya kiran ta. Na koma karanto lambarta mai tsawo kamar lambar waya. Na koma cewa "waccan ta wajenmu". Har suka fara zaton sunan ne ke ba ni wuya. Bafaranshen nan, bawan Allah mai kirki, ya naɗo muryarsa ya turo mini, yana koya mini yadda ake furta shi a hankali, gaɓa-gaɓa. Baban Faruk ya saurara ya yi dariya har da riƙe bango, ya ce, "Ki yi saving ɗinsa, wannan ai lecture ce kyauta."

Akwai kuma doka: idan na'ura za ta shiga ruwan wata ƙasa, sai an sanar da hukumarsu a rubuce. Ke da ko gidan maƙwabciya ba ki shiga sai kin yi sallama an amsa, takwararki ta ratsa ruwan ƙasashe ba ko gyaran murya, ni ce a baya ina ba da haƙuri. Da na ba wa babban ɗanki, Yaya Habu, labari a waya, sai ya ce, "Umman da ko Kaduna sai da dalili? Ki dai yi a hankali kada kawunnanmu su ji kin jefa sunanta a ruwa."

A bana batirinta ya fara rauni. Yadda aka saba, idan batir ya ƙare, na'ura takan nutse ne ba ta sake tasowa ba, a cire ta daga lissafi, a wuce wurin. Na sha cire wasu da hannuna ban ji komai ba. Na san ƙarfe ce, Umma, ban haukace ba. Amma duk ranar da ya kamata ta taso, ina cikin bas ina ta duba waya.

Dalilin kin san shi. Ranar da kika rasu ina nan Landan. Kafin in sami jirgi an yi miki sutura, an kai ki, har an share tsakar gida. Na iso na tarar da tabarmi da mutane. Ban ga fuskarki ba, ban taɓa ƙafarki ba. Abin yana nan a ƙirjina bai tafi ko'ina ba, kuma na ji ba zan iya zama a kujera in ga wani abu mai sunanki ya sake tafiya ƙasa ina daga nesa ba.

Sai Allah ya kawo wani jirgin bincike na wata ƙasa da zai bi ta kusa da ita. Idan taro ya amince, ƙasar da ke da ruwan ta ba da izini, za su iya tsamo ta. Na shirya hujjojina tsaf, kuma na gaskiya ne: a duba abin awon gishirinta, a gyara ta, a sake amfani da ita. Shugabar taron, wata dattijuwa 'yar Ostareliya da ba ta son ɓata lokaci, ta saurare ni ina karanto lamba, ta ce ita ba ta riƙe lamba a ka, na'urori uku ne a yankin, wacce nake nufi? Kyaftin ɗin jirgin yana kan layi, yana jira ya ji ko zai karkata ko zai wuce.

Na yi bismillah a zuci, na nemi gafararki, na rufe ido na faɗi sunanki.

Na buɗe ido na ga duk suna nuna kunnensu. Ashe makirfona a kashe yake.

Haka na kunna na sake faɗa, Umma. Shekara arba'in da wani abu ina kaffa-kaffa, rana ɗaya na yi sau biyu. Na biyun ya fito da wata murya da ban san ina da ita ba, sai kuka ya biyo baya, a gaban Japan da Amurka da kowa. Dole na yi musu bayani: sunan mahaifiyata ne, mu kuma ba ma kiran sunan iyaye. Bafaranshen nan ya dafe kai, ina jin ya tuna muryar da ya turo. Shugabar ta tambaye ni to me nake kiran ki. Na gaya mata. Ta ce wa kyaftin ya je ya ɗauko Umma.

Tun ranar babu wanda ya sake kama sunan. Wani dattijo a Japan, mai furfura fiye da babban kawunmu, ya rubuto mini cewa Umma ta taso lafiya, jirgi ya gan ta. Kin yi 'ya'ya a wuraren da ko a rediyo ba ki ji sunansu ba.

Sun turo hotonta a kan jirgi. Duk ta yi gansakuka, ƙananan halittun ruwa sun manne mata, rubutuna kuwa ruwan gishiri ya cinye shi tuntuni, ko ɗigo babu. Na daɗe ina kallon hoton.

Jibi jirgin zai iso tashar ruwa a kudancin ƙasar nan. A ofis an ce ba sai na je ba, mota za ta kawo ta. Na ce na ji. Baban Faruk ya riga ya yanko mini tikitin jirgin ƙasa na safe, ya ce in tafi da tsumma da bokiti tunda ya san halina. Zan tsaya a bakin tashar tun kafin su sauke ta, ni zan fara taɓa ta, ni zan wanke ta.

Allah ya jiƙan ki, Umma, ya yafe miki, ya sanyaya kabarinki. Duk wani manomi ko matuƙin kwalekwale da awon nan ya amfana, Allah ya kai ladan gare ki. Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Taki har kullum,
Asma'u