Inuwar Iwaki a Cikin Kofi

Farkon Oktoba

Baban Shiori,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jiki yana ta sauƙi. Yaya hannun daman? Ƙafar ta fara jin magana? Tunda harshen bai warware ba, in na kira waya sai numfashinka kawai nake ji, shi ya sa na ga gara in riƙa rubuto maka. Wannan ne karon farko tun aurenmu da zan yi magana har ƙarshe ba ka katse ni ba.

Sanyi ya fara shigowa da safe. Mun gama tsinke ganye, muna ta juya 'ya'yan tuffa don rana ta taɓa kowane gefe. Ƙanƙarar da ta sauka a watan shida ta bar tabo a jikin 'ya'yan rabin gona, ba za su shiga kasuwa ba, don haka bana matsar ruwan tuffa za ta yi yawa.

Maƙwabcinmu Kasai ya zo jiya yana ta sosa ƙeya. Ya ce da ya je duba ka a asibiti, ka yi masa alamar zarto da hannun hagu, wato a sare itatuwan da zarar dusar ƙanƙara ta narke. Na san dalilinka. Gonar da babu mai kula da ita gidan tsutsa ce, har ta maƙwabta sai ta lalata. Amma ko ka tambaye ni?

Shiori tana bayan ƙofa ta ji komai. Hutun da ta ɗauko daga wurin aikinta zai ƙare a ƙarshen Nuwamba. Ta fito ta ce, "Mama, ni zan matsa na bana. In Baba ya ce ruwan gidan nan ne, na bar Tokyo ke nan. In ya ƙi, in koma, Kawu Kasai ya kawo zartonsa."

Sai ka gyara kwanciya, don sauran maganar ba za ta yi maka daɗi ba. Buhunan tacewa na mahaifiyarka sun fi ƙarfinmu. Mun kama ɗaya mu biyu muka murɗa har idona ya yi duhu, abin da ya fito bai cika tukunyar shayi ba. Sai Shiori ta yi odar rariyar waya, irin wadda ake saƙawa da siraran zaren ƙarfen da ba ya tsatsa. Na san za ka ce ƙarfe yana kashe ɗanɗano. Ka warke ka zo ka faɗa da bakinka.

Ka ci abincin da suke ba ka ko da babu gishiri.

Matarka,
Mitsue

Ƙarshen Oktoba

Baban Shiori,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kana barci sosai. An ce ka fara riƙe cokali. Madalla.

Yau da alfahari nake rubuto maka, kuma ba zan ɓoye ba. Rariyoyin sun iso iri-iri, daga mai manyan idanu har wadda in ka shafa ta sai ka ce siliki ce. Ranar da muka fara matsa, Shiori ta cika kofin gilashi, ta fita ƙofar rumfar matsa, ta ɗaga shi saitin dutsen Iwaki ta kanne ido ɗaya. Sai da na nemi wuri na zauna. Tsayuwarka ce sak, har da karkata kai. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Duk lokacin da Baba ya kore ni daga rumfar nan, kin ɗauka tafiya nake yi? A bayan akwatuna nake laɓewa." Har ƙa'idar mahaifiyarka ta karanto min: in dutsen ya fito sarai ruwan ya yi tsararo, in ya ɓace gaba ɗaya ya yi kauri, na gidanmu na Osanai shi ne wanda inuwar dutsen kawai ake gani.

Shiori ta fara da rariya mai ƙananan idanu. Ruwan ya fito garau, har hankakin da ke wucewa na gani ta cikinsa. Kasai ya kurɓa ya ce, "Wannan ai a ba jarirai. Ina tuffar ta tafi, 'yar birni?" Ta koma mai manyan idanu, ya fito kamar kunu, ya ce shi bai zo da cokali ba. Ta ce masa, "Kawu, kai da haƙoranka suka ƙare, ai wannan ne daidai da kai." Ya yi dariya har da tari.

Ta tsakiyar ita ce ta ba ta wuya. Ɓarɓashi yakan toshe ta nan da nan, ruwan ya taru a sama ya jima har ya fara yin ja. Ta ɓata akwatuna da dama, rana ɗaya ma na same ta tana kuka a bayan injin niƙa tuffa, na yi kamar tsintsiya na zo ɗauka. Daga baya ta ɗora mai manyan idanu a sama tana tare ɓawo da ƙwallo, ta tsakiyar a ƙasa, ta kuma karkatar da su duka biyun yadda dusar za ta riƙa gangarewa da kanta. Shekaranjiya ta miƙo min kofi. Na ɗaga. Baban Shiori, inuwar ce, kafaɗun dutsen dishi-dishi kamar yadda ka saba nuna min.

Kofin farko na ajiye wa mahaifiyarka a gaban hotonta, na kunna mata turare. Rariyar kuwa da ruwan famfo da buroshi ake wanke ta. Bana ne kaɗai hannuna bai tsattsage da wankin buhu a ruwan sanyi ba, ka ji.

Shiori za ta kawo maka kwalba da kanta. Likita ya ce za ka iya sha kaɗan.

Taka,
Mitsue

Tsakiyar Nuwamba

Tetsuzo,

Ina fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Yarinyar nan ta shiga mota tun safe da kwalba naɗe a tawul a kan cinyarta. Ta dawo ta ce da ka ji kalmar rariyar waya sai ka juya fuskarka bango, ka ƙi ko kallon kwalbar, har ta gaji ta ajiye ta a kan tebur ta fito. Yanzu akwatinta yana buɗe a tsakar ɗaki tana ninke kaya. Ta sayi tikitin jirgin ƙasa.

Na san abin da ke cin ka, kuma ba ƙarfe ba ne. Kana jin zafin an yi matsa babu hannunka. Ni ma in na shiga rumfa na ga rigar aikinka a rataye sai zuciyata ta karye. Amma itatuwan nan mahaifinka ne ya dasa, 'yarka kuma ta tsaya musu. Ni dai ina alfahari da ita ko ka sha ko ka zubar.

Mitsue

Ƙarshen Nuwamba

Baban Shiori,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya gajiya? Na ce yaya gajiya, don na ji ka yi tafiya.

Kana tsammanin ba zan ji ba? Malama Narita mai jinyarka ta kira ni jiya da hantsi. Ta ce tun da aka kai ka kake ƙin sandar koyon tafiya, sai ga shi ta tarar da kai a baranda, sanda a hagu, kwalba a aljihun riga tana neman jan ka ƙasa. Tagar ɗakinka bango take kallo, ita kuwa mai kallon Iwaki tana can ƙarshen baranda. Ta kawo maka keken marasa lafiya ka harare ta. Ta ce sau da yawa kana tsayawa kana haki, amma sai da ka kai. Ka sa ta zuba maka a kofi, ka ɗaga, ka kanne ido, ka daɗe a haka, sannan ka kurɓa.

Ta ce daga nan ka yi ta kokawa da harshenka, ta kawo kunnenta kusa, har maganar ta fito. Ta maimaita min sau biyu don kada ta yi kuskure: "Kafaɗar hagu ta fito da yawa. Ki ce mata baɗi ta gyara."

Na faɗa wa Shiori tana tsugune a gaban akwati. Ta ce, "Mama, me ya ce?" Na sake faɗa. Ta ce, "Baɗi?" Na ce baɗi. Ta kifa fuskarta a kan rigunan da ta ninke ta yi kuka mai isarta. Da ta tashi sai cewa ta yi, "Ƙarya yake yi, kafaɗar nan daidai take." Ta ɗauki kofi ta fita ƙofar rumfa ta duba. Ta dawo tana ƙunƙuni, wai ta ɗan fito kam.

Na aika wa Kasai cewa ya ajiye zartonsa sai lokacin yankan rassa, za mu ara. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan dutsen. Ranar Lahadi muna tafe mu biyu, kuma ta ce in gaya maka za ta zo da rariyar ka taɓa ta da hannunka, ka kuma shirya, don tana da tambayoyi a kan yankan rassa.

Ka ci gaba da takawa. Rigar aikinka na wanke ta, tana nan inda ka bar ta.

Matarka mai kewarka,
Mitsue