Mangwaro Bakwai na Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramin?

Albishirinki. Masu dashen itatuwa sun iso garinmu. Wai itace na shanye gurɓatacciyar iska ya adana ta a jikinsa, su kuma su biya mu duk shekara. Kuɗin iska, Auta. Sai dai fili fetal suke rubutawa, gona mai tsofaffin itatuwa ba ta shiga.

Kin san abin da ya tsaya mana a wuya: mangwaro bakwai ɗin da marigayi Baba ya dasa, waɗanda Inna ke sayar da 'ya'yansu a bakin titi tana sayen sabulu da maganin ƙafarta. Na yi mata bayani har yawuna ya ƙafe, ta ce sai bayan ranta. Kada ki damu, na san yadda zan yi.

Yayanki,
Dogo

Ƙanwata Auta,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya lau.

An gama. Ranar Talata na sa matata ta raka Inna asibiti duba ƙafa, na kawo mai injin yanka. Itatuwan suna cikin fure, amma kafin la'asar babu ko ɗaya a tsaye. Kututturan ma mun tone mun ƙone, muka baje ƙasa.

Da Inna ta dawo, ta tsaya a bakin gona ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Sai ta juyo tana tambayar hanyar gida kamar baƙuwa. Yara suka yi ta dariya, ni ma na kasa dannewa. Ta rage cin abinci, amma fushi ne, yunwa za ta sauke shi. Don kar a ce ban kyauta ba, na sa masassaƙi ya yi mata kujera da reshen babban, wanda Baba ke kishingiɗa a gindinsa.

A gaida yara.
Dogo

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, raina a ɓace yake.

Masu awo sun zo. Ashe suna da hoton gonakinmu da aka ɗauka daga sama tun shekara biyar da suka wuce. Jami'in ya shimfiɗa shi a kan mota, ga ɗigo bakwai baƙi ƙirin a gonarmu. Ya ce duk wanda ya sare don ya shiga, an cire shi har abada. Abin da ya fi ƙona min rai, bana sun fara biyan masu tsofaffin itatuwa. Maƙwabcinmu Sarkin Barci, da lalaci ya hana shi ɗaga gatari, shi aka fara rubutawa.

Na ce musu Inna ce ta sa aka sare, ruɗewar tsufa. Tana tsaye, ba ta ƙaryata ni ba. Hoton kawai ta roƙa, aka ba ta. Duk da haka ba su rubuta mu ba.

To, yanzu gidan nan baki ya yi yawa, kuma Inna ba ta shigo da komai. Ke ma uwarki ce. Zan sa ta a motar Asabar, ki tare ta a tasha. Kayanta ba yawa: ƙullin tufafi, kujerar, da hoton. In kin ga tana bin ɗigon da yatsa tana motsa baki, ƙyale ta, kullum bakwai take samu. Kada dai ki sayo mangwaro a gabanta.

Naki mai ƙaunarki,
Dogo